Shekararsa Nawa?

Maryama, na ji abin da kika faɗa wa abokan aikinki ɗazu a baranda, wai aikin nan ba komai ba ne sai cike fom. Kada ki sunkuyar da kai, ban ji haushi ba, ni ma haka na ɗauka da na zo. Ku jawo kujeru ku huɗun ku matso. Wata mai kamawa zan ajiye aiki, gara ku ji daga bakina tun ina nan.

Shekara talatin da 'yan kai ke nan ina ofishin jin daɗin jama'a, tsakanin Funtua da Malumfashi. A ƙauyuka ba wanda ya damu da sunan ofishin, Hajiya Binta 'yar walfiya kawai suke cewa. Na yi sulhun ma'aurata, na nemo wa jariran da aka tsinta masu riƙo, amma abin da na fi daɗewa a kansa shi ne yaran da suka faɗa hannun hukuma. To fom ɗin nan da kike rainawa, ɗauko shi ki duba sama ta hannun dama. Akwai ɗan akwati da bai kai faɗin farce ba, an rubuta shekaru a gefensa. Lamba biyu ake sawa a ciki. Lambobin nan su ke faɗin inda yaro zai kwana: ɗakin uwarsa, ko gidan gyaran halin yara, ko gidan yari cikin ƙarti. Na sha yin sati uku ina yawo a bayan babur kafin in cike wannan ɗan akwatin.

Aikina na farko a wata unguwa ce ta bayan injin gurzar auduga, nan cikin Funtua. Wanda ya koya mini aiki shi ne marigayi Malam Isiyaku, wani dattijo siriri mai tsohon babur da ba ya tashi sai an tura. Da yake namiji ne ba ya shiga gidajen mutane, ranar da aka kawo ni ofis sai ya ce Allah ya ba shi kunne a cikin gida. An kama wani yaro ya jefi gilashin mota, muka je gidansu. Malam Isiyaku ya zauna a zaure, ni kuma na shiga, na gaisa a tsaitsaye, na buɗe littafi na ce wa uwar, "Shekarun ɗanki nawa?" Ta dube ni, ta dubi littafin, ta ce, "Ai ya kai ashirin." Na rubuta na fito, ko minti biyar ban yi ba.

Malam Isiyaku ya ce, "Binta, an ba ki ruwa?"

Na ce, "An kawo, Malam, ban sha ba."

"An shimfiɗa miki tabarma?"

"An shimfiɗa."

"To koma ki zauna a kanta, ki sha ruwan. Littafin nan kuma bar mini shi a nan."

Na koma a kunyace. Na zauna ina taya matar ɓarar gyaɗa har aka kira azahar. Ashe da ta ga littafi ta ɗauka sunayen masu neman aikin gwamnati ake rubutawa, ta ƙara wa ɗanta shekaru ko ya dace. Yaron sha biyu gare shi. Da na bar ashirin ɗin nan a takarda, da cikin manya zai tsaya.

Daga ranar na gane uwa ba ta yi miki ƙarya don mugunta. Ba da lamba take ƙirga ɗanta ba, idan kika matsa sai ta ba ki lambar da take ganin za ta amfane shi. Don haka tambayar ba "shekara nawa" ba ce. Sai ki ce, "Inna, wa kike goyo lokacin da aka haƙa rijiyar masallaci?" Ko, "Da aka yi masa kaciya, su wane ne 'yan ɗakinsu?" A cikin 'yan kaciyar nan ba za ki rasa ɗaya da aka haifa a asibiti ba, ko wanda ubansa ke rubutu. Ki kama wannan ɗayan, sauran sai lissafi. Wanzami ma yana tuna kan da ya aske ranar suna, musamman idan an yanka rago mai kyau. Rajistar makaranta kuwa ku yi hattara da ita, da yawa hedimasta ne ya dubi tsayin yaro ya yanke masa shekara. Gemu da kauri ba shaida ba ne. Yaron da ya tashi da fartanya a hannu, ɗan sha huɗu sai ki rantse ya isa aure.

Kayan aikin ba su da yawa. Fensir nake riƙewa, ba biro ba, don biro idan ruwan sama ya taɓa takarda rubutun ya tafi. Littafin a cikin leda biyu nake sa shi. Goro na tsofaffi ne, yana buɗe bakin da sallama kaɗai ba ta buɗewa. Ina kuma tafe da takalmin roba da tsohon zane a jaka, saboda macen da ta shigo da leshi da dogon takalmi ba a gaya mata inda aka ɓoye katin rigakafi. A ƙasan kwalla yake zama, cikin jeren ɗaki, ko a naɗe cikin tsumma a ƙasan katifa. Ke ba za ki taɓa ba, ki bari ita ta ɗauko.

Aikin da ya fi ba ni wuya na wani yaro ne, Haruna, daga wani ƙauye kusa da Gozaki. A shekarar da hanyoyi suka lalace ne, lokacin da ba mai fita ƙauye bayan la'asar, kuma duk wanda aka gani da babur ɗin da ba nasa ba sai a ce 'yan bindiga zai kai wa. Sabuwar dokar kare yara ba ta zo ba tukuna. Haruna yana ƙodago a gonar masarar wani Alhaji Sale. Ran nan Alhaji ya jingine babur a gindin ɗorawa da makulli a jiki, ya shiga cikin gona. Yaro ya daɗe yana sha'awar abin, ya ce bari ya ɗan zagaya. Zagayen ya yi daɗi, ya hau titi, mai ya ƙare masa a hanyar Malumfashi. Tsoron komawa ya kama shi, ya tura babur cikin wata gonar dawa ya zauna gefensa yana tunanin abin da zai faɗa. A nan 'yan sintiri suka same shi. Wanda ya rubuta takardar tuhuma ya ɗaga kai ya ga dogo mai faɗin kafaɗa da 'yan gashi a haɓa, ya sa ashirin da ɗaya. Aka tura shi gidan yari jiran shari'a.

Wani ma'aikacin gidan yarin ne ya aiko mini cewa akwai wani a wurinsu da yake ganin yaro ne. Na je. Aka fito da shi, gaskiya ni ma da na gan shi sai na yi shakka, don sai da na ɗaga kai kafin mu haɗa ido. Na tambaye shi shekarunsa ya ce bai sani ba. Muka yi 'yar hira, da zan tashi na ce, "Akwai saƙon da zan kai gida?"

Ya ce, "Hajiya, don Allah ki ce wa Inna ta riƙa rufe ɗakin tantabaruna da yamma. Akwai kyanwa a gidan maƙwabtanmu, ta san hanya."

Ba maganar beli, ba maganar lauya. Nan take na san da wa nake magana. Sai dai alƙali ba ya karɓar tantabara a matsayin shaida.

Na tafi ƙauyensu da sassafe don in dawo kafin la'asar. Uwarsa, Tabawa, ta karɓe ni, ta ɗauko kwalla ta zazzage, katin rigakafin gara ta cinye shi saura ɗan gefe. Ungozomar da ta karɓi haihuwarsa ta rasu. Wanzamin ya tashi da iyalinsa saboda halin da ake ciki, ba wanda ya san inda ya nufa. Makarantar da Haruna ya yi aji biyu, iska ta kwashe rufin ofis, rajistar ta zama kamar dafaffen ganye. Sau uku ina zuwa ina komawa hannu wofi, kuma ofis ba man babur, ɗan acaɓa nake hawa. A zuwa na huɗu muna zaune tana tankaɗe, na ce, "Tabawa, lokacin da kike wankan jegonsa, ke kaɗai ce mai jego a unguwar?"

Ta ajiye rariya. Ta ce, "Ina fa! Ni da Asabe matar malamin firamare, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Itace ɗaya aka sara mana. Ranar sunan 'yarta Zainabu naƙuda ta kama ni, tuwon sunan ma a ɗaki aka miƙo mini."

Na ce, "Malamin makaranta? Yana ina yanzu?"

"An daɗe da mayar da shi Maska. Malam Bello."

Ku da ba ku san daɗin wannan ba, ba za ku gane ba. Malamin makaranta ba ya haihuwa bai rubuta ba.

Tafiyar Maska a tsakiyar damina ce. Muka taso daga Funtua da hantsi, ruwa ya tare mu a hanya, babur ya zame da mu cikin laka, na tashi rabin jikina ja wur. A haka na yi sallama ƙofar gidan Malam Bello. Ya yi ritaya a lokacin, yana zaune a zaure yana karanta wata tsohuwar jarida. Ya dube ni sama da ƙasa ta saman tabarau ya ce, "Baiwar Allah, daga gona ko daga ofis?" Na ce duka biyun. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ya shiga ciki ya jawo wani akwatin ƙarfe. A ciki akwai littafi mai baƙin bango, kowane ɗa da shafinsa: ranar haihuwa ta watan Musulunci da ta boko, da ranar da ya fara haƙori, har ranar da ya fara tafiya. Ga takardar haihuwar Zainabu ta asibiti a maƙale. Shekararta goma sha biyar da wata biyu. Malama Asabe ta leƙo daga bayan labule ta ce, "Ɗan Tabawa? Ai mutanen da suka zo mana suna ba su watse ba suka zarce barka."

Malam Bello ya ce zai zo kotu da ƙafarsa. Na dawo Funtua da laka a jiki ina jin kamar an ba ni kujerar Makka.

To a nan shekarar ta nuna mana halinta. Satin da na kammala rahoto, ma'aikatan kotu suka tafi yajin aiki. Aka garƙame ƙofa. Ga shaida a hannuna, ba inda zan kai ta. Ba kuma wata doka a hannuna da zan nuna in ce a fitar da shi daga cikin manya yau ɗin nan. Duk sati ina zuwa wurinsa da ƙuli-ƙuli da labarin tantabaru: farar ta yi ƙwai, an ƙyanƙyashe biyu. Da farko yana tambaya tun kafin in zauna. Ana nan ƙazuwa ta kama shi. Sannan bakinsa ya canja, ya fara kiran 'yan ɗakinsu da sunayen da ban san su ba. Wata rana yana dariya ya ce mini yanzu ya iya tayar da babur ba makulli, wani ne ya koya masa da zane a ƙasa. Wata na huɗu na ce masa tantabaru sun kai sha ɗaya, ya ce, "A sayar kawai."

Wata biyar ya yi kafin a buɗe kotu. Malam Bello ya zo da babbar riga da akwatinsa na ƙarfe a ka, ya karanta shafin Zainabu da murya kamar yana gaban aji, har ya gyara wa magatakarda rubutun sunan ƙauyen. Majistare ya karɓi shaidar. Alhaji Sale ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ni babur ɗina ya dawo tun ranar. Na ɗauka a gaban mai unguwa za a ja masa kunne a wuce wurin. Wallahi ban san abin zai kai haka ba." Aka sallami Haruna a hannun ubansa, aka ce in riƙa sa ido.

Sa idon ya fi neman shekarun wuya. Na kai shi wurin wani bakanike a Malumfashi, tunda dai babur ne ya ja shi. Shekarar farko sau biyu maigidan yana kiran wayata: ya yi faɗa, ya yi ƙarya, ya amsa wa babba magana. Abin da ya ɗauko a wata biyar sai da muka yi shekara biyu muna wankewa. Allah ya taimake mu ya tsaya. Yanzu yana da rumfarsa, yana gyaran babura da injinan ban ruwa, ya yi aure. Amma ba duka ke ƙarewa haka ba, na san waɗanda ba a samo musu Malam Bello ba.

Da aka fara maganar sabuwar doka, sai aka aiko ofishinmu a tura mutum ɗaya zaman jin ra'ayin jama'a a majalisar jiha. Malam Isiyaku ya riga ya rasu, aka ce ni ce tsohuwa. Na kama motar Katsina bayan sallar asuba. Zaure ya cika: lauyoyi da manyan fayiloli, malamai, sarakuna, mata 'yan ƙungiyoyi. An yi ta muhawara, wasu suna tsoron dokar za ta ƙwace wa iyaye ikon tarbiyya, wasu suna cewa an ma makara. Kowa da hujjarsa, kuma ban ga wanda ya zo da mugun nufi ba. Sai wajen azahar aka kira ni, aka ce minti uku gare ni.

Takardar da aka rubuta mini da Turanci na naɗe na mayar jaka. Na ce, "Ranku ya daɗe, ni ba lauya ba ce, 'yar aike ce." Na ba su labarin Haruna ba tare da na kama sunansa ba. Na ce abu biyu nake roƙo. Kada a haɗa yaro da manya ko na kwana ɗaya, domin abin da ya koya a can ba hukuncin da ke goge shi. Sannan idan an ce shekara kaza, a tuna yawancin yaranmu na ƙauye ba su da takardar haihuwa, a bar wa alƙali hanyar bincike, kada alƙalamin wanda ya fara kama yaro ya zama ƙarshen magana.

Wani malami dattijo mai farin rawani ya ɗaga hannu. Cikin ladabi ya ce, "Hajiya, wanda kika ce ya fi ki tsayi, har gemu ya fara, ya hau babur ya bi titi, anya za a kira shi yaro?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, laifi kam ya yi, kuma ban ce kada a hore shi ba. Amma ranar da na same shi a gidan yari, ana maganar zai iya yin shekaru a ciki, saƙon da ya ba ni gida shi ne a rufe masa ɗakin tantabaru saboda kyanwa."

Zaure ya ɗauki dariya, malamin ma ya dara har rawaninsa na rawa. Ya ce, "To wannan kam yaro ne." Bayan an tashi ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Kyanwar ta ci?" Na ce ɗaya ta ci. Ya ce, "Allah ya mayar da alheri."

Ban ce maganata ce ta sa aka rubuta wani abu ba, mutane da yawa sun yi magana, wasu sun fi ni sani nesa ba kusa ba. Dokar dai ta fito. Kun karanta ta a makaranta, ni kuwa a jikina na ji bambancin. A da yaro a cikin akwatin masu laifi yake tsayawa, wani lokaci da ankwa, kotu cike da 'yan kallo, gobe duk kasuwa ta san sunansa. Zaman farko da muka yi bisa sabon tsari, a ofishin alƙali aka yi, don ba a gina mana ɗaki ba. Aka rufe ƙofa, daga iyaye sai mu. Ɗan sandan ya zo da kaftani, yana ta jan wuyan riga kamar an ara masa. Alƙali ya sauko ya zauna a kujera iri ɗaya da ta kowa. Uban yaron da aka kawo ya leƙo ya koma, ya ce wa masinja ai ba a fara ba, hira suke yi. Kuma kafin a ce komai sai alƙali ya juyo ya ce, "Hajiya, ina rahotonki?" Shekara da shekaru ina cusa rahoto ta ƙarƙashin fayil ina addu'a a karanta, ranar nan ni ake jira.

Kada ku ɗauka komai ya gyaru. Mota har yau babu, gidan ajiye yaran yana da nisa, wani jami'in ma sai kin buɗe masa shafin kin sa yatsa kafin ya yarda. Amma yanzu akwai shafin da za ki sa wa yatsa.

Sannan dokar ta kawo mana sababbin baƙi. Ba a yi wata shida ba labari ya zaga kasuwar hatsi cewa wanda bai kai sha takwas ba ba a kai shi gidan yari. Sai ga wani Mati, an kama shi ya ɗora buhun waken suya a baro ya bi ta bayan rumfuna. Ɗan ƙaramin mutum ne, fuska sumul, murya siririya. Ya ce sha shida gare shi. Da na shiga wurinsa ya fashe da kuka yana ce mini Mama. Wallahi na kusa yarda, har ƙuli-ƙuli na ba shi. Amma aiki aiki ne, na nemi gidansu, wani ƙauye a hanyar Maska.

Uwarsa ta tarbe ni da fara'a, da alama saƙo ya riga ni isowa. Kafin in tambaya ta ce, "Goma sha shida cif, Hajiya." Duk wanda ya ba ki lamba cif tun ba ki tambaya ba, ki gyara zama. Na zauna muna hira. A tsakar gida wata matashiya tana daka. Na tambayi 'yan kaciyarsa, tsohuwa ta ce duk sun tafi ci-rani. Na tambayi wanzami, ta ce ya makance. Ta ƙara da cewa, "Yaro ne ƙarami, Hajiya, bai san komai ba. Ko zancen aure ba a fara masa ba."

Sai na ji taɓarya ta tsaya.

Matashiyar ta share gumi da bakin zane, ta tako har gaban tabarma ta ce, "Inna, ki yi haƙuri. To ni mece ce a gidan nan? Shekara tara ina tuƙa masa tuwo."

Tsohuwa ta ce, "Ke Hinde, koma ga dakanki!"

Hinde ta ce, "Zan koma. Amma Hajiya, idan shi ɗan sha shida ne, yaran nan uku a ina na samo su? Ki rubuta gaskiya. Gara ya je ya yi zamansa na manya ya fito, da a riƙa nuna ni a gidan biki ana cewa ga matar yaro."

Na danne dariya har ƙirjina ya yi ciwo. Tsohuwa ta juya baya tana ƙunƙuni, can kuma ita ma ta fashe da dariya ta ce, "Ai na gaya masa ba zai yiwu ba."

Na rubuta abin da na gano, ya haura ashirin da biyar. Da aka karanta, Mati ya dube ni ya ce, "Haba Mama!" Alƙali ya mayar da shi kotun manya, aka yanke masa 'yan watanni. Wata daga cikin abokan aikina ta ce da na rufe ido, tunda talaka ne kuma buhu ɗaya ne. Na ce mata a'a. Ranar da mutanen kasuwa suka gane ana ɓoye ƙarti a bayan dokar nan, ranar za su daina kawo mana yara, su koma dukansu a bayan rumfa. Kuma ranar da alƙali ya kama ni da lambar ƙarya sau ɗaya, yaron gaske da zan kawo gobe shi zai biya.

Gidan dai akwai yara a cikinsa, sai dai ba Mati ba ne. Na koma sati na gaba saboda su ukun, tunda mai nema musu abinci ba ya nan. Babbar ta isa makaranta ba a sa ta ba, na kai ta wurin hedimasta da kaina. Ƙaramin yana fama da tari, na haɗa Hinde da ma'aikaciyar asibitin garin. Na yi magana da mai unguwa, aka samo mata aikin gyaran wake a wurin wata mai awara. Duk wata ina leƙa su har lokacin fitowarsa ya matso.

Zuwana na ƙarshe Hinde ta rako ni har bakin hanya. Na hau babur ke nan ta ce, "Hajiya, idan kin gan shi ki ba shi saƙo."

Na ce, "Ina ji."

"Ki ce na ce idan ya fito ya tsayar da gemu. Ko gashi uku ne."

Na kai saƙo yadda aka ba ni. Da kaka ya fito. Kwanan baya na hange shi a kasuwar hatsi yana tura baro, wannan karon da mai kayan a bayansa. Ya tsaya ya gaishe ni, ya ce Hajiya, bai ce Mama ba. Ya tsayar kuwa. Na duba da kyau, huɗu ne.